Ɗan laburaren unguwarmu da kantarsa ta tarihin Kano

Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofar ɗan ƙaramin ɗakin karatu na jama'a da ke unguwarmu a cikin birnin Kano ban taɓa leƙawa ba, domin a ganina duk mai neman littafi da gaske babban laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello ya kamata ya nufa. Abin da ya shigar da ni shi ne aikin gida da aka ba ɗana a makaranta a kan ganuwar Kano, wanda muka duba a waya muka tarar kowa da irin abin da yake faɗa.

Shiga ba ta da wahala. Mutum zai rubuta sunansa a rijista, ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa, ya nemi wurin zama. Yawancin waɗanda muka tarar ɗalibai ne masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB, kowa ya zo da littafinsa daga gida, abin da ya kawo su shi ne shirun wurin, wanda yaron da ya taso a gidan yawa ya san darajarsa.

Da na faɗa wa dattijon da ke kula da wurin buƙatarmu, bai nuna mana kanta da yatsa ya koma kujerarsa ba. Tashi ya yi ya ɗauko mukulli, ya buɗe wata kabad mai gilashi, ya fito da littattafai uku waɗanda bangonsu ya sha hannu, ya kaɗe musu ƙura da gefen babbar rigarsa, sannan ya dubi yaron ya ce, "Malam ƙarami, zauna nan, amma ka riƙa buɗe shafin a hankali." A nan ɗana ya karanta da kansa cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya soma gina ganuwa, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka faɗaɗa ta, aka gina fadar da har yau sarki yake ciki, aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a lokacinsa ne Shehu Magili, babban malamin nan daga Arewacin Afirka, ya sauka a Kano. Yaron da kullum yake raka mahaifiyarsa Kurmi ya ɗago kai yana tambaya ko wannan Kurmin dai da ya sani ake nufi. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ita ce, kuma ka roƙi Baba ya kai ka Gidan Makama ka ga sauran da idonka." Mun je wannan gidan adana kayan tarihi a ƙarshen mako, kuma ya daɗe tsaye a gaban hotunan zuwan Turawa na 1903.

Wannan kabad ita ce dukiyar wurin, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Gara ta taɓa gindin wasu littattafan, ƙurar hunturu tana shiga ta tagar da gilashinta ya fashe, sannan babu jerin sunayen abin da ke ciki, duk a cikin kan dattijon nan ilimin yake, ranar da bai zo ba kuwa sai dai a haƙura. Littattafan kimiyya sun tsufa ƙwarai, jaridu ba kullum suke zuwa ba, kuma idan aka ɗauke wuta da azahar a lokacin bazara, fankoki suka tsaya, zama yakan gagara. Akwai masu hali da yawa a unguwar nan waɗanda sanya sola da gyaran taga ba zai gagare su ba, kuma na tabbata a zaurukan gidajen malamai akwai tsofaffin takardun ajami da magada za su yarda a ɗauki hotonsu a ajiye a nan, in an nuna musu za a riƙe amana.

Ga mai son zuwa, safiya ta fi, kafin rana ta take kuma kafin ɗalibai su cika kujerun. Littattafan tarihin ba a ba da aronsu zuwa gida, wanda a ganina daidai ne, don haka a taho da biro da littafin rubutu, kuma kada a ji nauyin neman a buɗe kabad ɗin.