Hattara da masu sayar da injin Land Cruiser da Patrol da sunan kirari a Kumasi

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Tafo, musamman masu motocin shiga daji da ke ɗauko doya, shanu da kaɗanya daga arewa. Akwai wasu samari da ke tallar injuna a WhatsApp da Facebook, suna cewa kwantenarsu ta sauka daga Tema. Ba su da shago. In ka kira, sai su ce ku haɗu a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, su tsaya a bakin shagon wani bawan Allah kamar nasu ne, a turo injin a baro daga wani lungu. Mutanen Magazine masu sana'ar gaskiya suna da yawa, da su muke rayuwa, kuma waɗannan yaran sunansu suke ɓatawa.

Jarinsu duka sunan inji ne. Sun san duk mai Land Cruiser in ya ji 1HZ hankalinsa ya kwanta, kuma da dalili. Toyota ta fito da shi a 1990, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Ba shi da gudu, amma yana jure man da ba shi da kyau, kuma kowane fita, wato makanike, daga Techiman har Bawku zai iya kwance shi ya ɗaure. Haka TD42 na Nissan Patrol, shi ma silinda shida lita 4.2, wanda ko bel ɗin taimin ba shi da shi, haƙoran giya ne ke juya shi. Direbobin Ostireliya ne suka raba shi gida biyu, mai farin murfi da mai baƙin murfi, sunayen suka biyo bidiyo suka iso mana. Su ne kuma suka laƙaba wa wani injin Patrol, ZD30 na farkon shekarun 2000, suna gurneti, saboda yadda fistin ɗinsa ke ƙonewa. Yanzu yaro ya haddace waɗannan sunaye, ya sayi fenti, shi ke nan ya zama dila.

Murfin saman inji kuwa da 'yan kusoshi aka ɗaure shi. Ana cire shi, ana canza shi, ana fesa masa launin da mai saye ke so. Bai gaya maka komai game da abin da ke ciki ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na wani dattijo a layinmu, mai kai kaya Yeji. An sayar masa da inji a kan cewa 1HD-T ne, wato ƙanin 1HZ mai turbo tun daga kamfani. Ya biya kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tun bai ga injin ba, cinikin biri a sama ke nan. Ranar karɓa ya tarar injin da ɗumi, an ce masa wai yanzu aka gwada wa wani. Injin ya tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi. Ba a yi nisa ba ya fara zafi a hawa, yana tura ruwa waje ta lagireto. Da makanikensa ya kankare fentin jikin bulok, sai ga 1HZ a rubuce. Ya ce masa: "Baba Alhaji, wannan ai tsohon injin gida ne aka liƙa wa turbo. Duba silikon ɗin nan a bakin kwanon mai, jiya-jiya aka shafa shi." Da aka zubar da man, ya fito da kauri yana jan zare, an zuba shi ne don ya ɓoye ƙarar ƙarfe. Lambar wayar a kashe take har yau, sunan da ke kan MoMo ɗin ma na wata mace ne.

Injunan biyu girmansu ɗaya, daga nesa kamarsu ɗaya, amma cikinsu daban. A 1HD-T nozul na fesa mai kai tsaye kan fistin, fistin ɗin kuma an yi shi don ɗaukar matsin turbo. A 1HZ man yana fara shiga wani ƙaramin ɗaki ne a cikin kan injin, fistin ɗinsa ba na wannan aikin ba ne. Ka ɗora masa turbo, ka buɗe masa mai, ka loda buhuna ka hau tudu da rana tsaka, kan injin ko fistin ɗaya na iya tsagewa. Irin wannan wasan suke yi wa masu Hilux, su ba ka 3L mai lita 2.8 a kuɗin 5L mai lita 3.0, don ido kaɗai ba ya raba su.

Don Allah kada kowa ya tura ko sidi ɗaya kafin ya ga inji. Ka je da fitanka na kanka, ban da wanda mai sayarwa ya kawo ko yaran goron, wato 'yan kamasho, da ke tare ka a bakin hanya. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a jikin injin, in da ɗumi ka ce sai gobe, don inji mai lalatattun ringi a sanyi yake tona kansa. In ya tashi, a buɗe murfin zuba mai, in yana huci yana feso hayaƙi, cikinsa ya gaji. A sa gejin matsi a kowace silinda, wanda ya hana ka wannan ya san abin da yake ɓoyewa. Ka dubi kawunan kusoshi, wanda sifana ta taɓa ba ya ɓuya.

Sai lamba. Sunan inji da lambarsa a buge suke a jikin bulok, a goge wurin da fetur da burushin ƙarfe ka karanta da idonka. In ka ga alamar an goge da dutsen wuta ko an sake bugawa, ka bar shi ko da kyauta ne, domin yana iya zama na sata, kuma kai za a riƙe ranar da ka je DVLA, hukumar rajistar motoci, sauya takardu. Lambar nan a rubuta ta a rasit, da sunan shago, da kwanakin da aka ba ka na gwaji, mai shagon da kansa ya sa hannu.

Wanda kuma suka riga suka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙon MoMo, hotunan tallar da muryoyin WhatsApp, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da shugabannin makanikai na yankin da aka yi cinikin. A tura wannan ga direbobin Tamale, Wa da Bolga, don su ne aka fi kira da waya a ce an ajiye musu inji.