Daga Nima zuwa Kano: batun rawutar Auta

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da yara.

Ka tambaya ko Auta ya riƙo rawutarsa, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, in zai taho Accra. In wadda kamfanin layi ya sayar masa ce, ya bar wa yara, don galibinsu a kulle suke, layin kamfaninsu kaɗai suke karɓa. Kada sunan MTN ya ruɗe shi, na Najeriya daban, na Ghana daban. In kuwa buɗaɗɗiya ce irin ta Farm Centre, ya sako ta a jaka. Soket ɗinmu ɗaya ne, mai baki uku. Su Huawei da ZTE ɗin da ka sani a can su ne jibge a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, ba wani abin da ya fi na gida.

Inda aikin yake shi ne layi. Nan sai da Ghana Card ake rajista, kamar NIN a gida, sai dai baƙo katinsa daban ne, na kuɗi, kuma duk shekara ake sabunta shi. Yaran Zango za su ce masa ya kawo su yi masa da nasu katin. Kada ya yarda. Ranar da layin ya ɓata, sai ya nemo mai katin ko da mutumin ya koma Tamale, can arewacin Ghana. Kamfanonin uku ne: MTN, da Telecel wadda ita ce Vodafone kafin 2024, da AT. Glo ta tattara nata ta bar ƙasar.

Haɗawar ba wuya. Ka sa layi, ka jona wuta, ka juya ƙasan na'urar, sunan Wi-Fi da lambar sirri na nan a rubuce, da adireshin shiga saitinta mai farawa da 192.168. Nan za ka shiga ka canza duka biyun tun ranar farko. Gidajen hayar Nima ɗakuna ne jere suna kallon tsakar gida ɗaya, ka ba mutum guda lambar da safe, kafin Magariba har mai ɗinkin ƙofar gida yana kallon ƙwallo da datarka. Kuma ba ka iya hana maƙwabcin da ya yi maka jagora ranar da ka sauka. Abin da muka yi a gidanmu shi ne karo-karo: kowane ɗaki ya turo rabonsa farkon wata, ni kuma ina leƙa jerin wayoyin da ke kai, wadda ban sani ba in toshe ta. Na ɗora rawutar saman kwaba kusa da taga, don rufin kwano da cunkoson gine-gine suna cin sabis. In tana da zangon Wi-Fi biyu, 2.4 da 5, na ɗakunan nesa su hau 2.4, shi ke ratsa bango.

Wajen biya kam Ghana ta fi Najeriya sauƙi. MoMo, wato asusun kuɗi na waya, shi ne komai, a layin MTN ka danna *170# ka sayi data kana kwance, ba ruwanka da banki. Harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya da aka ɗora a 2022 ma an cire shi a 2025.

Wuta ta fi ta Kano zama, amma su ma ana ɗaukewa, dumsor suke ce masa. Ɗan batirin rawuta na saya, yana riƙe ta awanni, ban taɓa tunanin janareto ba. Sauran kuwa jirgi ɗaya ya kwaso mu: da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a watan Maris na 2024, mu da ku duk muka yi zuru. Starlink ma ku kuka riga mu, ya shigo muku a 2023, mu sai 2024.

Ka gaya wa Hajiya muna bayanku da awa ɗaya. Kiran bidiyo bayan sallarku ta La'asar ya fi, kafin mutanen gidan su dawo daga kasuwa su hau layin.