Wane fenti za a yi wa tsohon kan jirgi ƙirar Deltic, kore ko shuɗi?

Jama'a duk ƙungiyar da ta samu tsohon kan jirgin ƙasa mai dizal za ta adana, rigimar farko ba ta inji ba ce, ta fenti ce. Bari in ɗauki Deltic na Ingila don shi na fi sani. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 22 tsakanin 1961 da 1962, lamba D9000 zuwa D9021, kowanne da injin Napier biyu, ƙarfin doki 3,300, suna jan fasinja daga King's Cross ta Landan zuwa Edinbara har farkon Janairun 1982 da aka sallame su. Shida ne kawai suka tsira daga hannun masu yankan ƙarfe, to ka ga kowane gwangwanin fenti da za a buɗe musu abin a tsaya a yi tunani ne.

Na farko koren nan mai hawa biyu da suka fito da shi, kore mai duhu a jiki, kore mai haske daga ƙasa, sai fari a gefen tagogin direba. Yana da kyau, ba musu, shi ya sa masu zuwa kallo suka fi sonsa. Matsalar ita ce jikin da ke gabanka yau ba na 1961 ba ne. Daga baya an ƙara musu birkin iska, an ja musu wayar lantarki ta ɗumama taragai, akwatin lambar tafiya da ke goshi ma an daina amfani da shi a 1976 aka rufe shi. In za ka yi kore na gaskiya sai ka mayar da goshin yadda yake a da, wannan kuma aikin walda ne da kuɗi, in ba haka ba ka haɗa kamannin da jirgin bai yi aiki da su ba. Wani zai ce ai an mayar da ɗaya daga cikinsu, 55002, kore a 1980 da sabuwar lambarsa, haka ne, amma wannan tarihin 55002 ne shi kaɗai.

Ni dai shuɗin British Rail, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, nake so kuma ba na ɓoyewa. An fara shafa musu shi tun 1966, goshi gaba ɗaya ruwan ɗorawa, ga tambarin kibiya biyu fari a gefe, daga 1973 zuwa 1974 kuma lambobi suka koma 55001 zuwa 55022. A cikin shuɗin nan suka yi mafi yawan shekarun aikinsu, a cikinsa suka yi ban kwana, kuma duk ƙarin da aka yi wa jikin ya dace da shi, ba sai ka cire ko ƙusa ɗaya ba. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne abin da ma'aikatan lokon Finsbury Park na Landan suka yi a 1979, suka shafa fari a gefen tagogin direba na jiragensu masu sunayen dawakan sukuwa, don kowa ya gane nasu daga nesa. Leburori da makanikai ne masu alfahari da aikinsu, farin nan a kan shuɗi wallahi sai ka gani da idonka. Amma a kula, cikin shidan da suka rage Alycidon da Tulyar ne 'yan wannan lokon, kar a ɗauki farin a liƙa wa Royal Scots Grey da ya fito daga lokon Haymarket na Edinbara a ce tarihi ne.

Shuɗi mai haske da ratsi a goshi na DP1 ne kawai, samfurin gwajin Deltic na 1955, a bar masa kayansa. Shunayyar da aka taɓa yi wa Gordon Highlander, ɗaya daga cikin shidan, kuwa tallan kamfani ne, ku wuce ta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Shuɗin British Rail ɗin yana da lamba a jerin launuka na BS 381C, lamba 114, duk mai fentin da ka faɗa wa lambar ya ce ba komai zai haɗa maka da ido, ɗauki kuɗinka ka fita. Mu an taɓa yi mana haka, mutumin ya rantse daidai ne, a cikin gwangwani kamar gaske, da ya bushe aka fito da jirgin rana sai ga shi ya yi haske kamar bokitin roba, gefe guda sai da aka bi da samfefa aka sake. Ka sa ya shafa a ƙyallen ƙarfe tukuna, ya bushe sosai, ka duba da safe ka duba da la'asar kafin ka biya. Kuma kar ka yarda a haɗa launi daga hoton waya, tsohon fim yana juyewa, wani ya ja zuwa ja wani zuwa kore, sikirin ma kowanne da nasa. Hujja mafi ƙarfi tana jikin jirgin, a samu lungun da rana ba ta kaiwa, bayan ƙofa ko ƙarƙashin allon suna, a goge a hankali, fentin kowane zamani zai fito hawa-hawa. A sa takunkumi, tsohon fenti yakan zo da dalma.

Sai 'yan kwangila masu feshi a kan tsatsa, su cika ramuka da foti su rufe da fenti mai sheƙi, bayan damina ɗaya ya kumbura. Ka je da kanka ka ga ƙarfen tsirara kafin a shafa fentin farko. Haruffa ma ana ha'inci, zamanin shuɗi salon rubutu mai suna Rail Alphabet ake amfani da shi, sai mai sitika ya buga maka wani mai kama da shi daga kwamfuta. Allunan suna kuwa jabu sun cika gwanjo, ana zuba sabo a dafar da bayansa ya yi kamar ya tsufa, a sa masa farashin asali. Kwafi ba laifi ba ne in an ce kwafi ne, hasali ma shi ya fi dacewa a ɗaura a jikin jirgi saboda ɓarayi. Duk wanda ya ce nasa na asali ne ya kawo takardar hannun da ya bi, kuma a juya bayan allon a ga ko ramukan ƙusa sun ci.