Pizza a titin Tribunali na Napoli: abinci da araha, haya da tsada

Gidan pizzar da nake sharhi a kai yana kan titin Via dei Tribunali, a tsakiyar tsohon birnin Napoli da ke kudancin Italiya. Da daddare ba a shiga kai tsaye. Za ka ba mai tsaron ƙofa sunanka, ka tsaya a waje har a kira ka. Wanda ya zo da ƙarfe bakwai ya huta, amma daga takwas da rabi zuwa sama jiran awa guda ba abin mamaki ba ne.

Pizzar ta cancanci jiran. Abu huɗu ne kawai a kwaɓin: fulawa mai laushi da suke kira 00, ruwa, gishiri da ɗan yis. Ba mai, ba sukari. Ana barinsa ya tashi aƙalla awa takwas, a yanka curi-curi na kimanin giram 250, sannan a faɗaɗa da hannu daga tsakiya zuwa baki. Ba a murza shi da katako, domin iskar da aka tura gefe ita ke sa bakin ya kumbura. Tanderun na itace ne, zafinsa ya haura digiri 430, kuma pizza ba ta wuce daƙiƙa 90 a ciki. Ƙungiyar kare pizzar Napoli ta asali, AVPN, wadda aka kafa a 1984, ita ke kula da waɗannan ƙa'idoji, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa pizza na Napoli cikin al'adun da duniya ta gada.

Margherita ce ma'aunin kowane gida: tumatir, cukun mozzarella, ganyen basil da man zaitun. Ta nan ta zo da baki mai ɗigon ƙuna nan da can kamar gurasar da aka ciro daga tanderu, cikinsa duk ramukan iska, tumatirin da ɗan tsami mai daɗi. Baƙi da yawa suna ƙorafin cewa tsakiyar ta yi laushi har ba ta ɗaukuwa da hannu. Wannan ba aibi ba ne, haka ake yinta, da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci ko a naɗe. Aibi na gaske shi ne ruwa ya kwanta a tsakiya, alamar ba a tsane cukun ba kafin a zuba. Wani aibin kuma yana zuwa ne lokacin cunkoso: idan ana jefa pizza bi da bi a wuri ɗaya, ƙasan tanderun yakan huce, sai sama ta gasu ƙasa ta fito fari fat. Ɗaga gefe ka duba. Idan kuma ka ji ɗaci, garin fulawar da ya maƙale a ƙasa ne ya ƙone. Kada ka sa a zuba maka a kwali, tururi zai mayar da ita roba cikin mintuna kaɗan.

Musulmi ya lura da kyau. Margherita da marinara, wadda tumatir ce da tafarnuwa da oregano da mai, ba su da nama. Diavola da capricciosa da naman alade ake yinsu. Soyayyar pizza, wato pizza fritta, galibi akwai ƙitsen alade soyayye a cikinta ko da ba ka gani ba, haka ma wasu ƙananan soye-soyen da ake kawowa kafin abinci. Ka ce "senza maiale", wato ban da alade, ka kuma tambayi abin da ke ciki.

Margherita tana tsakanin yuro 5 zuwa 7. Ana ƙara kuɗin zama da suke kira coperto, ruwan sha ma saye ake yi, don haka mutum ɗaya ya tanadi kamar yuro 12. Wadda ake naɗewa gida huɗu a takarda a bakin titi ba ta kai rabin haka ba.

Wannan arahar ce ke yaudarar mai shirin zama a unguwar. Gaskiya ne haya a Napoli ba ta kai ta Milan ba, inda murabba'in mita ya haura yuro 20 a wata, amma albashin kudu ma bai kai na arewa ba. Kuma mutanen da ke layin pizza su ne ke kwana a benayen da ke sama da titin. Mai gida ya ga abin da zai samu daga masu yawon buɗe ido a 'yan kwanaki ya fi hayar wata, sai ya mayar da gidan masaukin baƙi ta manhajar Airbnb. Har ɗakunan ƙasa da ake kira bassi a unguwar Quartieri Spagnoli, waɗanda a da na talakawa ne, sun bi sahu. Ɗaliban jami'ar Federico II da iyalai masu ƙaramin ƙarfi su ke ji a jikinsu, abin kuma yana da ciwo, domin su ne rayuwar unguwar.

Unguwannin Chiaia, Posillipo da Vomero na masu hali ne. Mai neman sauƙi ya duba Fuorigrotta, ko garuruwan Portici da Ercolano da jirgin ƙasa na Circumvesuviana ke bi. 'Yan Najeriya da Gana da yawa suna can garin Castel Volturno, inda haya ke da sauƙi amma zirga-zirga ke da wahala.

Kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin ajiya, wanda doka ta hana ya wuce hayar wata uku, da la'adar dillali, da kuɗin kula da bene, da harajin shara na TARI da ɗan haya ke biya. A tsoffin gidaje ka duba bango saboda danshi, ka kuma tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki. Yarjejeniya iri biyu aka fi yi: ta shekara 4+4, wato shekara huɗu da ake sabuntawa da wasu huɗu, da ta 3+2, wato uku da ƙarin biyu, mai ƙayyadadden farashi. Dole a yi mata rajista a hukumar haraji, Agenzia delle Entrate, cikin kwana 30. Idan mai gida ya yi tayin rage maka kuɗi don a zauna ba takarda, kada ka yarda: ba za ka sami hujjar yin rajistar adireshi ba, kuma baƙo zai sha wahala ranar sabunta takardar izinin zama.