Nasiha da baki ko nuni a aikace: wanne ke koya wa yaro gaskiya?

Iyaye suna da hanyoyi biyu na koya wa yaro faɗin gaskiya. Ta farko ita ce nasiha, wato a zaunar da shi a gaya masa cewa ƙarya haramun ce, a kuma tsawata masa idan ya yi ta. Amfaninta shi ne tana ba yaro dalilin hanin, kuma ba ta cin lokaci.

Ta biyu ita ce yaro ya ga gaskiyar a jikin iyayensa, kuma a ganina ita ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Uban da ya yi wa ɗansa wa'azi da safe, sannan da yamma mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida ya ce wa yaron, “Je ka ce ba na nan,” ya rushe wa'azinsa da hannunsa, domin yaron ya fahimci cewa ƙarya tana halatta idan an matsu. Haka uwar da ke rarrashin yaro da alkawarin alewar da ba za ta saya ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi bin Amir ta kira shi tana cewa za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko mene ne, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Wahalar wannan hanya ita ce ba ta da hutu, domin yaro yana saurare har lokacin da mahaifinsa ke ciniki a waya, ya manta cewa ɗan yana zaune a gefensa.