Nepal a 2005: Bin Sarki ko Zama da 'Yan Tawaye

Da Sarki Gyanendra ya kori gwamnati ya riƙe mulki shi kaɗai a Fabrairun 2005, hanya biyu ta rage wa jam'iyyun Nepal. Ta farko, su mara masa baya, tunda ya ce soja ne maganin 'yan tawayen kwaminisanci masu aƙidar Mao, tsohon shugaban China. To amma tun 1996 ake gwabzawa ba a gama ba, kuma da tsare 'yan siyasa ya fara.

Ta biyu ta fi ɗaci: zama da 'yan tawayen da suka kashe musu magoya baya. Ita jam'iyyu bakwai suka bi, kuma a ganina sun yi daidai. Zanga-zangar kwana 19 da jam'iyyun suka kira da goyon bayan 'yan tawayen a Afrilun 2006 ta tilasta wa sarki maido da majalisa, a 2008 kuma aka soke sarautar.