Wace Eriyar Radar Ta Dace da Tankin Dizal a Jos?

Duk mai kula da tankin dizal a masana'antun Anglo-Jos ko Bukuru ya san wahalar hawa tsani da sandar awo cikin sanyin asuba, shi ya sa ake komawa ga na'urar radar da ake ɗaurawa a saman tanki tana auna zurfin mai.

Na'urar da ke aiki da sauti maimakon radar ba na ba da shawarar a saye ta, domin tururin mai da sauyin zafi suna rikita ta. Eriyar radar mai siffar ƙaho ta 26 GHz (GHz ma'aunin mitar sigina ne) kuwa ita ta ba ni wahala, saboda siginarta tana bazuwa har ta ci karo da tsanin cikin tanki, kuma da hunturu na taɓa zare ta na tarar da ɗigon raɓa reras a cikin ƙahon.

Zaɓina shi ne ta 80 GHz mai shafaffiyar fuska, irin VEGAPULS 64 da kamfanin VEGA na Jamus ya fitar a 2016. Siginarta tsukakkiya ce, kusurwar bazuwarta tana iya kai wa digiri 3 kacal, don haka tana ratsawa tsakanin bututu da tsani ba tare da ta taɓa su ba, kuma wannan babbar riba ce tunda dizal ba ya mayar da sigina da ƙarfi kamar ruwa. Sai dai a kiyaye wurin ɗaura ta: kada a sa ta a tsakiyar rufin tanki, ko dab da bango, ko saitin bututun da mai ke zubowa. A haɗa ta da abin kariya daga tsawa, domin daminar Jos ba ta da sauƙi.

Inda na fi jan kunne shi ne jabu. Wani dillali ya taɓa kawo mana gwanjo da aka sake wa fenti, ya rantse sabuwa ce, sai da muka buɗe murfin muka ga tsatsa a kan kusoshin wayoyi. Kafin a biya ko sisi, a duba lambar da ke jikin na'urar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a tabbatar ta dace da takardunta. A nemi shaidar ATEX ko IECEx a kan farantin ƙarfen da ke jikinta, wadda ke nuna an ƙera ta don wurin da tururi ke iya kama wuta. Dillalin da ya ce takardun suna hanya, a mayar masa da kayansa.